Hoton Malam Habibu na Madabo

Har yau ban manta da Lahadin da na miƙe a gaban dattawan majami'armu na ce musu na bar su ba. Kun sha tambayata yadda aka yi ni, Kirista haifaffen ƙauye, na ƙare aikina a ɗakin shan magani na cikin birni, har tsofaffin Madabo da Kabara suke kirana Malam Istifanus mai tabarau. Tunda yau kun taru ku yi sallama da ni, bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

A tsakiyar shekarun 1950 ina aiki a wani ƙaramin ɗakin magani na wata mishan a Sabon Gari. Mishan ɗin tuni ta naɗe tabarmarta, ba kuma sai na faɗi sunanta ba. Tsarin aikin shi ne, a sama akwai Likita, Bature ne. Ƙarƙashinsa sai disfensa, wato mai haɗa magani da rabawa, sannan dresa mai wanke gyambo da ɗaurewa. Ni ne disfensa. Da Likita ya ga hannuna ba ya rawa, sai ya koya mini gwajin ido, ya danƙa mini akwatin gilasai: akwati ne na katako, cikinsa gilasai jere, kowanne da lambarsa, da wani firam na ƙarfe da ake ɗora wa mutum a hanci ana canza masa gilashi har a dace.

Ɗakin maganin da majami'ar da gidajen ma'aikata duk shinge ɗaya ya kewaye su. Shugaban majami'ar shi ne Fasto Barnaba. Shi ya ɗauko ni daga ƙauyenmu, ya koya mini boko, ya yi mini baftisma, ya ɗaura aurena da Rahila. Baba nake ce masa, kuma ba a baki kawai ba. Ajami kuwa a wurin kawuna na koya tun ina ƙarami, domin dangin mahaifiyata Musulmi ne.

Wannan ajamin shi ya buɗe mini ƙofar birni. A lokacin ba kowa daga mishan yake shiga cikin badala da aiki ba. Sai da hukumar En'e ta ba da takardar izini, da sunana a jiki, da sharaɗi biyu: ba wa'azi, ba raba takardun addini. Ban da sa hannu a ofis, sai da na je gaban mai unguwar Madabo na faɗa masa da bakina cewa ido na zo dubawa, ba zuciya ba. Ya ce, "Mun ji, mun kuma riƙe ka da maganarka."

Kowace Talata sai in ɗaure akwatin a bayan keke, in bi ta Fagge, in shiga ta Ƙofar Wambai, in ratsa gefen Kurmi in nufi Madabo. Yawancin masu zuwa wurina malamai ne da masu ɗinkin hula da masu aikin fata waɗanda shekaru suka rage musu gani na kusa. Ina da takardar gwaji da na rubuta da hannuna cikin ajami, sunayen garuruwa ne da karin magana, daga manyan baƙaƙe zuwa ƙanana. Mutum ya zauna inda haske yake, a rufe ido ɗaya, ya karanta, a canza gilashi, ya sake karantawa. In an dace in rubuta lamba, a aika Ikko. Wani lokaci sai an yi wata uku kafin tabarau ya iso.

A cikin waɗanda na gwada akwai Malam Habibu. Dattijo ne siriri, mai yawan murmushi, zaurensa kullum cike da magidanta masu ɗaukar karatu. Shekara bakwai rabonsa da ya karanta littafi da idonsa. Ɗalibai ke karanta masa, shi kuma yana gyara musu da ka. Ya ce da ni abin da ya fi damunsa ba littattafan ba ne, waɗannan suna kansa. Ƙananan bayanan da mahaifinsa ya rubuta a gefen shafuka su ne ba wanda yake iya karanta masa daidai, domin hannun tsohon sai wanda ya tashi da shi.

Ranar da tabaransa ya iso, Likita ya ce zai raka ni, yana so ya ga birni. Aka nemi izini, aka bayar. Damina ce, ruwa ya kama mu a hanya, ya shiga jakata, tawadar takardar gwajina ta narke. Da muka zauna a zaure na ɗora wa Malam tabarau, na rasa abin da zan miƙa masa, don ba a fito da littattafansa ba tukuna. Sai Likita ya sa hannu a aljihu ya zaro wani ɗan littafi na ajami, irin wanda mishan take bugawa na koyarwar addininmu, ya miƙa masa.

Na gane littafin. Na kuma yi shiru. Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Malam Habibu ya buɗe, ya matso da shi, ya karanta layi biyu a zuci. Na ga ya gane ko mene ne. Yana cikin haka Likita ya ɗaga kyamara ya ɗauke shi. Malam ya rufe littafin a hankali, ya miƙa wa Likita da hannu biyu, ya ce, "Idon ya gani. Ga kayanka, mun gode." Daga nan ya sa aka ɗauko masa wani tsohon littafi cikin gafaka. Ya buɗe, ya sa yatsa a gefen shafi. Can ya ce, "Hannun Baba ne." Ya cire tabarau ya goge ido da bakin rawani, ya mayar.

A hanya na ce da Likita abin da ya yi ya saɓa wa takardar izini. Ya ce ai ba rabawa ya yi ba, aro ya bayar, an kuma dawo masa da shi. Na bar maganar a nan.

To a wannan zamanin ne siyasa ta shigo kowane gida, ba ta bar majami'a ba. Aka kafa wata ƙungiya ta neman haƙƙin Kiristoci da ƙananan ƙabilu, Fasto Barnaba ya zama jigonta a unguwarmu. Ba zan yi muku ƙarya ba, kukansu yana da dalili. Ba mu da mai magana da yawunmu a majalisa, filin binne gawa ma sai an sha wuya. Ni kaina na yanki katin ƙungiyar da farko. Amma a hankali sai wa'azin Lahadi ya koma taron siyasa. Aka wayi gari an sanar cewa duk wanda ba shi da kati ba zai ci jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi suke tarayya a kai. Na ga an tsallake wani tsoho mai gadi, wanda ya riga yawancinmu shiga addinin, don kawai ɗansa yana wata jam'iyya shi kuma ya ƙi yankar kati. Abin ya tsaya mini a rai, amma ban ce komai ba. Shiru na biyu ke nan.

Bayan kaka, wata Alhamis, Baba Fasto ya kira ni ofishinsa. Ya ajiye mini hoto a kan tebur, da takarda da aka buga da tafireta cikin Turanci. Hoton Malam Habibu ne, da tabarau, da ɗan littafin nan a buɗe a hannunsa, sunan littafin ya fito sarai. Takardar kuwa cewa take ga wani babban malamin birnin Kano yana neman hasken bishara a ɓoye, irinsa kuma suna da yawa, tsoro ne ya hana su fitowa, don haka a zaɓi mutanenmu su 'yanto su.

Ya ce, "Ɗana, ka juya mana wannan zuwa Hausa, boko da ajami. Ana so a kai wurin bugawa kafin mako biyu."

Na ce, "Baba, wannan ba gaskiya ba ne. Ina wurin. Gwajin ido ne."

"Littafin yana hannunsa ko ba ya hannunsa?"

"Yana hannunsa."

"Ya karanta ko bai karanta ba?"

"Layi biyu, ya mayar."

"To kai ka san abin da layi biyu suka shuka a zuciyarsa? Kai ne Allah?"

Na ce ban san zuciyarsa ba, amma na san abin da zai same shi in takardar nan ta shiga Kurmi. Mutum ne da ba shi da gona, ba shi da rumfa, mutuncinsa shi ne jarinsa. Na kuma san daga ranar babu dattijon da zai sake zama a gabana ya bari in rufe masa ido ɗaya. Na ce ba zan fassara ba. Baba ya dube ni ya ce to za a kai maganar gaban dattawa ranar Lahadi.

Na je wurin Likita. Ya ce shi ya ba da hoton ne don a nuna aikin ɗakin magani, abin da majami'a ta yi da shi kuwa ba huruminsa ba ne. Ya wanke hannunsa tas.

Da na koma gida na zayyana wa Rahila komai. Tana da tsohon ciki a lokacin, gidan da muke ciki kuma na mishan ne. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, can ta ce, "Malam, in ka rubuta, da wace fuska za ka shiga birni ranar Talata?" Na ce babu. Ta ce, "To, ɗaki dai ba ya ƙarewa a Kano."

Ranar Lahadi bayan sujada aka sallami jama'a, dattawa shida suka zauna a bencin gaba, Baba Fasto a tsakiya, ni a tsaye. Ƙa'idar ita ce a karanta wa mutum laifinsa, a ba shi dama ya tuba. In ya ƙi, a sa shi ƙarƙashin horo: ya koma bencin baya, ba jibi, ba ya buɗe baki a taro, har sai ya sauko. Laifina da aka karanta shi ne ƙin biyayya ga shugabanni da fifita waɗanda ba masu bi ba a kan 'yan'uwa.

Wani dattijo mai aiki a reluwe ya ce, "Istifanus, shekara nawa kana shiga birni? Rai nawa ka kawo? Magani ƙugiya ce. In ƙugiya ba ta kamo kifi ba, asarar tsutsa aka yi."

Na ce, "Baba, ni ba haka aka koya mini a nan ɗakin ba. An koya mini Almasihu ya warkar da mutane da yawa waɗanda ba su bi shi ba, bai kuma bi su ya karɓe lafiyar ba. An koya mini kada in yi shaidar zur a kan maƙwabcina. Ba a ce mini sai maƙwabcin da yake zuwa majami'a ba."

Baba Fasto ya ce, "Ana danne mu a ƙasar nan, kai kana maganar mutuncin mutum ɗaya."

Na ce, "Ana danne mu, Baba, na yarda. In takardar koke ce ta gaskiya, ku kawo in fassara yanzu, in sa hannu a sama. Amma wannan mutum bai danne kowa ba. Ya karɓe mu a zaurensa, an miƙa masa abin da bai nema ba, ya mayar cikin ladabi bai kunyata mu ba. Sannan tunda an ba ni baki, bari in faɗi ɗayar. Jibin nan na Ubangiji ne, ba na ƙungiya ba. Ranar da aka tsallake Baba mai gadi ya kamata in yi magana, ban yi ba."

Nan fa wuri ya ruɗe. Wani ya ce an saye ni a birni. Wani ya ce jinin dangin uwata ne yake motsi. Baba Fasto ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya yanke mini horon wata shida, ya ce kuma daga ranar an karɓe akwatin gilasai daga hannuna.

Na zaro katin ƙungiya daga aljihu na ajiye a kan benci. Na ce, "Baba, horo na wanda zai tuba ne. Ni ban ga abin tuba a nan ba, in na zauna a bencin baya na yi muku ƙarya. Ban bar Almasihu ba, amma na bar wannan majami'a." Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba tun ina yaro. Ya kau da kai. Na fita.

Washegari aka ba ni takardar sallama daga aiki, da mako biyu in bar gida.

Ranar Talata na shiga birni a ƙasa, ba keke, ba akwati, don duka na mishan ne. Na sami Malam Habibu yana ba da karatun hantsi. Na jira aka tashi, na ce ina da magana ta sirri. Na faɗa masa komai, har da shirun da na yi ranar da aka miƙa masa littafin. Na ce ban sani ba ko za su sami wani ya fassara, don haka gara ya ji daga bakina.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Yanzu kai ina aikinka?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, babu."

"Gida fa?"

"Shi ma."

Sai ya ce, "Wannan ba maganar sirri ba ce. Abin da aka ɓoye shi yake zama makami." Ya aika aka kira mai unguwa da liman da manyan ɗalibansa. Da suka hallara ya sa tabaransa, ya ba su labarin da bakinsa, tun daga ruwan da ya jiƙa takarda har hoton. Ya ce, "In kun ga hotona a kasuwa, ni ne, ba wani ba. Littafin ma na riƙe, na karanta layi biyu, rubutun kuma ba laifi, sai dai mai shi bai iya ɗaurin wasali ba." Aka yi dariya. Ya nuna ni ya ce, "Wannan kuma ya rasa aikinsa da gidansa don ya ƙi yi mini ƙarya. Ku san shi."

Wani daga cikin ɗaliban, da zuciya ɗaya, ya ce, "To Malam Istifanus, tunda ka baro su, ai sai ka ƙaraso."

Kafin in buɗe baki Malam ya ce, "Kai, Sani. Mutum ya ƙi a yi ciniki da ni, mu kuma sai mu yi ciniki da shi? Bar shi da abin da yake kai." Ya juyo ya tambaye ni, "Ka bar addininka ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To, riƙe shi da kyau. Shi ya kawo ka nan yau."

Takardar ba ta fito ba. Mai unguwa ya kai maganar gaba, aka kira Likita aka tuna masa sharaɗin izini, shi kuma ya karɓe hotonsa daga hannun Baba Fasto. Ban sani ba ko zuciyarsa ce ta motsa ko tsoron rufe ɗakin magani ne, ban kuma tambaya ba.

Mu kuwa muka kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwar Sabon Gari, a nan Rahila ta haifi ɗanmu na fari. Wata huɗu ina zaune. Mutanen da muka yi shekaru muna waƙa tare suka daina amsa gaisuwata. Ranar suna mutum uku ne suka zo daga majami'a, ɗayansu Baba mai gadi. Lahadi ni da Rahila muke yin sujadarmu a kan tabarma, haka muka yi shekara biyu kafin muka sami wata majami'ar da ba a tambayar kati a bakin ƙofa.

Daga baya mai unguwa da wasu dattawan Madabo suka rubuta wa En'e cewa suna bukatar mai gwajin ido. Aka ɗauke ni a wannan ɗakin shan magani, amma a matsayin dresa, mataki ɗaya ƙasa da inda nake. Na karɓa da murna. Shekara guda ina wanke gyambo kafin aka sayo kayan gwaji.

Da Baba Fasto ba mu sake zama ba. Sau biyu ina zuwa gaishe shi, ana ce mini yana hutawa. Ranar da aka binne shi na tsaya a baya, na yi kuka kamar kowa, domin duk abin da na tsaya a kai ranar nan shi ya koya mini, tun kafin siyasa ta shiga tsakaninmu.

Abin da nake so ku riƙe, ku da za ku ci gaba da aikin nan, shi ne wannan. Wanda ya zo ya zauna a gabanku ya ce ba ya gani, ko ya buɗe muku ciwon da ko matarsa bai nuna wa ba, ya zo ne a ranar rauninsa. Za a zo muku da dalilai masu kyau, wani na addini, wani na jam'iyya, wani na ciyar da asibiti gaba, a ce ku ɗan yi amfani da shi. Masu zuwa da dalilan ma sau da yawa mutanen kirki ne, wataƙila su suka rene ku. Ni na yi shiru sau biyu kafin na iya cewa a'a, ku kada ku kai biyu. Na yi shekara talatin ina shiga gidajen birnin nan da sunana Istifanus, ban canza shi ba, ba kuma wanda ya taɓa cewa in tsaya a waje.